Gurbi Talatin a Ƙasa: Yadda Ake Haɗa Gasar Dara

Yau shirin namu ya nufi gabashin Sakkwato: Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma aka binne shi a 1837, da Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, da Goronyo mai madatsar ruwa a kan gulbin Rima. Sai dai ba tarihi ya kai mu ba. Dara ta kai mu.

Wanda bai san ta ba, ga ta a taƙaice. Ana tona gurbi 30 a ƙasa, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Kowa 'ya'yansa 12, wannan da tsinken kara, wancan da tsakuwa. A yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, saura gurbi shida babu kowa. Daga nan sai tafiya, taki ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Ka jera uku, ka ci ɗan abokin wasanka. Ka jera huɗu, ka yi aikin banza. Uku dai, uku.

To, mai son haɗa gasa ba shi da matsalar kayan wasa, tunda ƙasa ce allon. Matsalarsa 'yan kallo.

Na taɓa zama a wata majalisa a Wurno bayan La'asar, gindin dogon yaro, ana ta warin albasa daga buhunan da ke jingine a bango. Dattawa biyu sun duƙa, ɗaya ya riƙe tsinke a sama ya fi minti uku bai ajiye ba. Sai wani saurayi daga baya ya yi gyaran murya, ya nuna wani gurbi da babban yatsan ƙafarsa. Da yatsan ƙafa, jama'a! Ɗaya dattijon ya ɗago, ya dube shi, ya ce, "Kai yaro, wa yac ce ka sa muna baki?" Ya sa tafin hannu ya shafe gurabun duka. Wasa ya tashi. Ni kuwa dariya ta kusa kayar da ni daga kan benci, amma ban ga laifin tsohon ba, domin saura taki ɗaya ya kafa doki, wato jerin nan da ɗa guda ke kai da komo, duk motsi sai ya ci.

Shi ya sa nake cewa, kafin a nemi kyauta, a nemi alƙali, dattijon da in ya tsawata kowa zai yi shiru. A ja layi a ƙasa, 'yan kallo su tsaya bayansa. Sannan a zauna a daidaita doka tun ba a dasa ɗa ko ɗaya ba: in ka taɓa, dole ka tafi da shi? Ana cin ɗan da ke cikin jerin uku? Abin da ɗan Rabah ya saba da shi ba lallai ne ɗan Goronyo ya yarda da shi ba, kuma in aka bar zancen sai wasa ya yi zafi, dara ta ci gida.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Mutum 16, wanda aka ci ya fita, karawa 15 ke nan a sami gwani. In kowace karawa sai an ci mutum sau biyu cikin uku, yammaci ɗaya ba zai isa ba, a raba kwana uku. A kauce wa ranar kasuwa da lokacin dashen albasa, a kuma tashi da wuri, baƙi su isa gida da sauran rana.

Kyauta? Buhun taki ya fi kofi daraja a wajen mai lambu.