Mujallun bincike na kyauta: wa zai ɗauki nauyinsu?

Sanin kowa ne malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma sai ya buga sakamakon bincikensa cikin mujallun masana. A ƙasashenmu, hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a shekarar 1968, ita ke auna waɗannan rubuce-rubuce. To amma galibin manyan mujallun suna hannun kamfanonin Turai da Amurka, masu sayar da su da tsada, alhali kuwa mafi yawan lokaci ba a biyan marubuta da masu tace aikin ko dala.

Domin magance wannan matsala, bayan wani taro a birnin Budafes, masana suka yi kira a watan Fabrairu na 2002 da a buɗe wa kowa sakamakon bincike a intanet. Kamfanoni da yawa suka amsa, sai dai sun juya lissafin: mai karatu ya huta, marubuci ya biya. A shekarar 2021 mujallar Nature ta yanka yuro 9.500 bisa kowace maƙala, wato fiye da sefa miliyan 6. Ga malamin Maraɗi ko Damagaram, an yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Akwai hanya ta uku, inda ba a karɓar kuɗi daga marubuci ko mai karatu. A shekarar 2015 masu shirya mujallar nazarin harsuna ta Lingua suka ajiye aiki gaba ɗayansu, suka bar kamfanin Elsevier, suka kafa wata mai suna Glossa. Ɗakunan karatu na jami'o'i da dama ke zuba gudunmawa cikin asusu guda domin ɗaukar nauyinta. Ƙasar Brazil kuwa, da kuɗin hukuma ta kafa dandalin SciELO, wanda ke baje mujallunta kyauta tun 1998.

Ya kamata dai a gane cewa kyautar ba ta soke hidima ba. Gyaran rubutu, shirya shafuka da kula da na'urori duk kuɗi suke ci, kuma mujallar da ta dogara ga kishin malamai biyu ko uku ba ta daɗewa.

A watan Nuwamba na 2021 ƙasashen ƙungiyar UNESCO suka amince da shawarar buɗe ilimin kimiyya ga kowa. Abin da ya rage ga hukumomi da jami'o'inmu shi ne su ware wa mujallunmu rabonsu cikin kasafin kowace shekara, domin binciken da aka yi bisa gero da hamada ya isa hannun masu bukatarsa.