1,267,000: Adadin da kowa ya haddace, kaɗan suka leƙa cikinsa

Duk wanda ya zauna bencin lakkol a ƙasar nan ya haddace cewa faɗin Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ne. To, yau bari mu kwance wannan adadi, mu ga abin da ya ƙunsa.

Da farko dai cika ne, ba mara ba, tun da biyu na raba shi. Biyar ma haka: in da kuɗi ne, ɗan kasuwa a Babbar Kasuwar Yamai zai ce jika 1,267, wato dala 253,400. Amma uku ba ta raba shi, domin in aka tara lambobinsa, 1 da 2 da 6 da 7, ana samun 16, ita kuwa 16 ba ta rabuwa gida uku. Wannan dabara tana da amfani ga abokan ciniki uku kafin su zauna rabon riba.

In aka ci gaba da farfasa shi, za a tarar da biyu sau uku, biyar sau uku, sai 7, sai 181, wadda ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. Daga waɗannan tubala ake samun adadi 64 masu raba shi ba saura.

Masana hisabi na Girka, da Larabawa bayansu, sun kasa adadi gida uku: cikakke, naƙasasshe da mai rara. Shida cikakkiya ce, domin 1 da 2 da 3 sun ba da 6 daidai. Namu mai rara ne: masu raba shi, ban da shi kansa, sun tara 2,140,040. Ilimin adadi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan lissafin hatimi.

Ga abin lura. Adadin yana rabuwa gida takwas daidai, kamar yawan jihohinmu har da Yamai: 158,375 kowace. Amma a ƙasa, Agadas kaɗai ta ɗauke fiye da rabi, Yamai kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Rabon takarda daban, na ƙasa daban.

Sa'an nan sifiri ukun nan na ƙarshe alama ce ta kintace, ba awon igiya ba. A ƙara kilomita ɗaya tak, adadin ya koma mara, biyu da biyar da bakwai duk su kasa raba shi.

Saboda haka, ma'aikacin da aka kawo wa takardar kuɗi mai jerin sifiri, da ɗan kasuwar da aka karanta wa jimilla sumul, su tambaya tukuna: ƙirgawa aka yi, ko kintatawa? Kafin a sa hannu ake wannan tambaya. Allah ya sa mu dace.