Na Ɗora wa Batir Laifi, Ashe Altaneta Ce Ta Gaza

Shekarata goma sha ɗaya ina zaune a Kumasi ina sana'ar atamfa da shadda, kuma kusan duk wata sai na bi hanyar Tamale da 'yar tsohuwar motata. Tafiyar kusan kilomita 380 ce. Na ɗauka na san motar nan ciki da bai, sai da ta ajiye ni da iyalina a bakin titi da daddare.

Abin ya fara ne mako biyu kafin tafiyar. Da safe in na murɗa makulli sai ta yi nishi kafin ta tashi, wata rana ma sai da yaran unguwa suka tura. Ban tsaya bincike ba, na ce batir ne ya tsufa, na sayi sabo. Kwana uku tana tashi lafiya lau. Akwai wata 'yar jar fitila mai hoton batir da takan yi ƙyaf-ƙyaf a gaban sitiyari, amma na share ta.

Ranar da muka kama hanyar bikin ƙanwar maiɗakina, bayan mun wuce Techiman magariba ta yi, na kunna fitilu. Can gaba sai na ga haskensu yana dusashewa, rediyo ya ɗauke, gilashin taga ya ƙi hawa. Saura kaɗan mu shiga Kintampo mota ta mutu murus. Ga kayan mutane a baya, ga yara uku, ga duhu.

Uwargida ta dube ni ta ce, "Maigida, ba kai ka ce ka sa sabon batir ba?" Na rasa ta cewa. Allah Ya taimake mu wani direban babbar mota ya tsaya ya ja mu zuwa cikin gari, muka kwana a tasha.

Da gari ya waye na samo mai gyaran wutar mota. Ya ba batirin wuta daga wani batir, mota ta tashi, sannan ya ɗora 'yar mitarsa a kan batirin yana nuna mini lambobin. Ya ce, "Alhaji, batir randa ce kawai, altaneta ce mai zuba mata ruwa. In mai zubawa ya daina, ko sabuwar randa ka sayo ƙarewa za ta yi."

Ga abin da na koya a wurinsa. Lafiyayyen batir, idan mota tana kashe, yana nuna wajen bolt 12.6. Idan inji yana aiki ya kamata ya hau zuwa tsakanin 13.8 da 14.5. In bai kai 13 ba, babu caji. In ya haura 15, caji ya yi yawa, zai dafa batirin. Tawa 12.1 ta nuna, tana ƙara sauka.

Amma kafin a yanke wa altaneta hukunci, a fara duba masu araha. Fambel ya saki ko ya tsage? Kan batir ya yi farin gari ko ya yi sako-sako? Fis ɗin caji ya ƙone? Sau da yawa a nan matsalar take. Idan kuma ana jin kuka ko gurnani daga jikinta, boris ne ya ci. Idan batir yana tsiyayewa cikin dare alhali komai a kashe yake, ana iya zargin dayod ɗin da ke cikinta.

Ya kuma gargaɗe ni kan gwajin nan da wasu ke yi na zare kan batir mota tana aiki, wai in ta mutu altaneta ce. Ya ce a motocin yanzu wutar na iya yin tsalle ta ƙona ƙwaƙwalwar motar, garin neman gira a rasa ido.

Da ya buɗe tawa, gawayin cikinta ya cinye ƙurmus, wayoyin kuma sun yi baƙi suna warin ƙuna. Da gawayi ne kaɗai ko na'urar daidaita caji, da an canja su da kuɗi kaɗan. Wannan kam sai wata. Na kira ƙanina ya je Suame Magazine a Kumasi, na tura masa hoton takardar da ke manne a jikinta, don dole ƙarfin amfiya, bakin soket da fulin da fambel ke hawa su zo daidai. Na ce lallai a gwada ta a gabansa kafin ya biya. Ya ba motar haya, kafin la'asar ta iso.

Sa ta bai ɗauki awa guda ba. Ya fara cire wayar batir mai alamar ragewa, ya ɗauki hoton yadda fambel ya zagaya, ya sassauta shi, ya cire soket da babbar wayar, ya kwance notuna. Da ya ɗaura sabuwar ya ɗaure fambel daidai, ya mayar da batirin da ya riga ya cika da caji, don kada nauyi ya yi wa altanetar yawa tun ranar farko. Mita ta nuna 14.2, ko da ya kunna fitilu da fanka ba ta yi ƙasa sosai ba.

Mun isa Tamale an riga an ɗaura aure, har yau surukata tana yi mini tsiya.

'Yan'uwa masu bin dogayen hanyoyi, in jar fitilar nan ta kama kuna tafiya, ku kashe AC da rediyo, kada ku kashe inji sai kun kai gari mafi kusa. Amma in allurar zafi ta fara hawa, ku tsaya nan take, wataƙila fambel ne ya tsinke, kuma a motoci da yawa shi ke juya famfon ruwa. Ni dai yanzu akwai mita da fambel na ko-ta-kwana a cikin motata, kuma duk jajibirin tafiya sai na auna batir kafin a fara lodi.