Tiyon zaren gilashi da ruwan Gulbin Maraɗi

Duk wanda ya taɓa ganin an tono tsohon tiyon ƙarfe a wata unguwa ta Maraɗi ya san kamanninsa: waje ya yi ja, ciki kuma tsatsa ta taru ta matse hanyar ruwa, har babban yatsa da ƙyar yake shiga ƙaramin bututu. Ruwa da iska ne ke cin ƙarfe, kuma ba su gajiya.

Tiyon faiba, wato na zaren gilashi, an yi shi ne don ya huta da wannan ciwo. Gilashi ake narkawa a ja shi sirara kamar gashi, a tsoma zaren cikin wani danƙo, a naɗa shi a jikin sandar gwaji hawa bisa hawa, yadda masaƙi ke naɗin zare a kwarkwaro. In danƙon ya daskare sai a zare sandar. Zaren ke riƙe ƙarfin ruwa, danƙon ke hana shi ratsawa. Tun shekarun 1930 aka fara sarrafa irin wannan zare da yawa a Amurka.

Ba ya tsatsa. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na ƙarfe, don haka ɗauka da shimfiɗawa ba su cin kuɗi sosai. Amma ni abin da ya fi burge ni santsin cikinsa. A gonakin noman rani na Jiratawa, waɗanda hukumar ONAHA ke kula da su, injuna ne ke zuƙo ruwa daga ƙasa a shayar da zogale da tumatir, kuma kuɗin lantarki a wuyan manoma yake. Ruwan da ba ya gogayya da tsatsa ba ya wahalar da inji, kuɗin wuta kuwa sai ya ragu.

Yana da nasa hali. Ba ya son duka. Dutse ɗaya a ƙasan rami kan iya tsaga shi, sai an shimfiɗa masa yashi mai laushi an danne gefensa da kyau. Zafin ranarmu ma yana cin fatarsa in an bar shi a fili ba fenti.

Kuma tiyo ba ya gyara ruwa. Mutanen Tibiri ba su manta da rijiyar burtsatsen da sinadarin fulor ya yi wa yawa ba, wadda tun tsakiyar shekarun 1980 ta lalata haƙora da ƙasusuwan yara. Masu aikin ruwa, a fara kai ruwan awo kafin a yi cinikin tiyo.