Gurbin Rani da Ƙasan Teku

Idan rani ya tsaya a ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, kogi yakan janye ya bar yashi fari fat, sai gurabu nan da can inda ruwa ya kwanta da zurfi. A cikinsu ne tarwaɗa da karfasa da kurungu da ragon ruwa suke laɓewa har damina ta dawo. Su ne irin baɗi, kamar damin geron da manomi ke ɓoyewa a rumbu, ba ya taɓa shi ko da yunwa ta matsa.

Na taɓa isa bakin irin wannan gurbi da sassafe, bayan wani ya zuba gamalin cikin dare. Ruwan ya yi fari da cikin kifi, manya da waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba, ga kwaɗi sun miƙe ƙafa a gefe. Yara na ta cika kwanoni suna murna. Wani dattijo mai koma a kafaɗa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da ni, "Malam, na bana da na baɗi aka kwashe dare ɗaya." Da hantsi kuma shanun Fulani suka gangaro shan ruwa a wurin.

Gamalin maganin ƙwarin koko ne tun asali, kuma sinadarin da ke cikinsa yana daɗewa a jikin kifi da na wanda ya ci shi. Shi ya sa a 2009 aka sa shi cikin jerin gubar da Yarjejeniyar Stockholm ta hana. Dokar kamun kifin cikin gida ta Nijeriya ta 1992 ma ta haramta su da guba ko nakiya ko lantarki. Amma doka tana Abuja, gurbi yana bayan gari. Ga kuma gidan sauro, wanda aka raba don kare yara daga zazzaɓi, ya koma taru a hannun wasu, yana tace ruwa har da 'ya'yan kifin da ba su yi ƙaya ba.

Wanda ya ga wannan ba zai sha wuyar gane abin da ke faruwa a teku ba, duk da cewa tsakaninmu da ita tafiyar kwana ce a mota. Can manyan jirage ne ke jan wata ƙatuwar koma a ƙasan ruwa, bakinta a wangale da ƙofofin ƙarfe masu nauyin tan-tan, tana kankare duk abin da ta tarar kamar garma. A zurfin da hasken rana ba ya kaiwa akwai dazuzzukan murjani, waɗansu sun shekara dubbai suna girma kaɗan-kaɗan, kuma a cikinsu kifi ke fakewa yana hayayyafa. Wucewa ɗaya ta wannan koma kan mayar da wurin fili.

Abin da ya sa ɓarnar zurfi ta fi muni shi ne komai a can a hankali yake tafiya, saboda sanyi da ƙarancin abinci. Akwai wani jan kifi a tekun Niyuzilan da Ostareliya da ke rayuwa fiye da shekara 100, ba ya fara saka ƙwai sai ya haura 20. Da jirage suka gano matattararsa a ƙarshen shekarun 1970, cikin ɗan lokaci aka kusa ƙarar da shi a wurare da dama. Karfasar gurbinmu ko banza tana farfaɗowa cikin damina ɗaya ko biyu in an bar ta. Wancan kuwa sai jikoki.

Kanada ta ɗanɗana kuɗarta a 1992, lokacin da kifin gabar Niyufanlan ya yi ƙasa har gwamnati ta rufe kamunsa, kimanin mutum 30,000 suka rasa sana'a, ba a ɗage takunkumin ba sai 2024. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira a 2006 da a kare irin waɗannan wurare masu rauni, Tarayyar Turai kuma ta hana jan koma a zurfin da ya wuce mita 800 tun 2016. Nijeriya ta keɓe mil 5 daga gaɓa ga masu kwalekwale, jiragen jan koma ba su da izinin shiga. Kada mu ce ba ruwanmu: kifin ƙanƙarar da ake soyawa a tashar Birnin Kudu daga teku ya fito, kuma muna ƙara dogaro da shi ne gwargwadon yadda kogunanmu ke tsiyacewa.

Ni dai a ganina Turawa ba su zo da sabon abu ba a nan. Rufe ruwa al'adarmu ce. A Argungu, gurbin Matan Fada a rufe yake, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai an taru a ɗaga. A garuruwanmu ma sarkin ruwa ne ke faɗin ranar su, a yi shela a kasuwa, a shiga da koma da gora rana ɗaya, a fita. Wanda ya saci hanya da dare, gaban dagaci ake kai shi, a karɓe kayan aikinsa, a ci shi tara.