Wutar Lantarki Daga Ragowar Amfanin Gona a Arewacin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta ko Bichi bayan kaka, zai ga kara jingine a gindin itatuwa, harawa kuma a ɗaure bisa rassa. Baƙo yana iya zaton shara ce aka tara. To, tun da yake masana suna maganar samar da lantarki daga ragowar amfanin gona, ya kamata a san yadda abin yake, a kuma san ragowar da za a taɓa.

Dabarar ita ce a zuba busasshen abu, kamar totuwar masara ko ɓawon gyaɗa, a cikin rufaffen tanderu na ƙarfe, a kunna, amma a rage masa iska don kada ya ci da harshen wuta. Idan zafi ya haura digiri 700, sai abin ya saki wata iska mai kama wuta, wadda ta ƙunshi haidirojin da kuma iskar nan mai guba da garwashi ke fitarwa a rufaffen ɗaki. Sai a sanyaya ta, a tace, a tura cikin inji ya juya janareta. Wurin tacewar nan ne wahala take, domin iskar tana tafe da kwalta, wadda kan toshe inji idan aka yi sakaci.

Wannan ba sabuwar hikima ba ce. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da man fetur ya yi wuya, motoci masu ɗimbin yawa a Turai da iskar itace suka yi tafiya. A jihar Bihar ta Indiya kuwa, tun daga 2007 masu kamfanin Husk Power Systems suka fara haskaka ƙauyuka da buntun shinkafa.

Sai dai ƙasar Kano tana da nata hali. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya nuna tun daga shekarun 1960 cewa gonakin da ke kewaye da birnin Kano ana noma su kowace shekara ba hutu, kuma taki ne yake riƙe da su. Harawar wake da ta gyaɗa su ne abincin tumaki da awaki, kashinsu kuma shi ne takin da jaki ke kaiwa gona. Kara kuwa shi ne darni, shi ne makamashin girki. Saboda haka wanda ya kwashe waɗannan ya zuba a tanderu, ya haskaka gida ne ya kashe gona.

Abin da ya dace da tanderu shi ne wanda dabba ba ta damu da shi ba, kuma ya riga ya taru wuri ɗaya. Buntu shi ne kan gaba, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne, yana kuwa jibge a bakin injinan casa. Ke nan wuraren da ake noman shinkafa, irin su madatsar Watari a Bagwai da ta Tomas a yankin Dambatta, su ne suka fi cancanta a fara dubawa. Ana bukatar kimanin kilo biyu na buntu kafin a sami awo ɗaya na lantarki, watau abin da zai riƙe ƙwai goma masu wat ɗari har sa'a guda.

Daga ƙarshe, kafin a kafa irin wannan inji a kowane gari, wajibi ne a fara zama da manoma da makiyaya da matan gida, a ji abin da suke yi da kowace ragowa. Abin da suka ce ba su da bukatarsa, shi ne rabon tanderu.