Shin Bishiyar Piya Tana Maganin Damuwa?

Wataƙila an taɓa turo maka saƙon nan da ke cewa bishiyar piya tana sanyaya zuciya, tana kore baƙin ciki da mugun mafarki. Kafin ka tura wa wani, tambayi kanka: wace piyar? A kasuwar Sabon Gari kaɗai akwai iri biyu. Akwai abokado, wadda muke kira piya, asalinta daga Mekziko. Akwai ube, 'yar ƙaramar nan da 'yan ƙabilar Ibo ke ci da gasasshiyar masara da damina. Wadda Turawa ke nufi ita ce ta uku, 'yar'uwar tuffa, mai son sanyin hunturu. Ukun nan ba dangin juna ba ne.

A kan ta ukun aka gina wannan magana. A shekarun 1930 wani likita a Ingila, Edward Bach, ya riƙa jiƙa furanni a ruwa cikin rana, ya zuba barasa don kada ruwan ya lalace, yana cewa kowane fure da irin ciwon zuciyar da yake warkarwa. Piya ma ba ta cikin magungunansa 38, masu bin hanyarsa ne suka ƙara ta daga baya. A 2010 Farfesa Edzard Ernst ya tattara gwaje-gwajen da aka yi wa ruwan furannin Bach. A waɗanda suka fi inganci, wanda ya sha maganin da wanda aka ba na bogi sauƙinsu ɗaya. Ba wai ƙarya masu shan ke yi ba, suna jin sauƙin, amma daga yarda da tsammani yake fitowa.

Ita tamu piyar abinci ce mai kyau, tana da mai mai amfani da sinadaran folet da fotasiyam. Ka ci abinka. Ganyenta ne abin lura: yana ɗauke da sinadarin persin mai cutar da awaki, dawakai da tsuntsaye, don haka in ana kiwo a gidanku a Fagge, kada a zuba musu.

In kuwa baƙin ciki ya kai mako biyu bai sake ka ba, barci ya ƙaurace, abinci ya fita ranka, wannan rashin lafiya ce mai magani. Akwai likitocinta a asibitin Dawanau da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano.